Gilasai Takwas a Rumfar Albasa

Tun da na dawo daga Kudu ban taɓa zama a ɗakin karatu na minti goma ba, sai wani ya dafa kafaɗata ya ce, "Mudassir, yaya Fatakwal?" Nasiru kaɗai ya tambaye ni sau huɗu ko na ga teku. Ban gani ba. Wani ya tambaya ko gaskiya ne ruwan sama ba ya ɗaukewa a can, ya kuma ba kansa amsa kafin in buɗe baki, shi da bai taɓa wuce Kaduna ba. Kun san ni ba gwanin magana ba ne a cikin taro. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda.

Bari in fara da abin da ya kai ni, don da yawanku kun ɗauka yawon buɗe ido na je.

Aikin digirina na biyu a kan abin da littattafanmu ke kira density of states ne, amma idan zan yi wa mahaifiyata bayani nakan ce yawan gurabe. A cikin kowane daskararren abu, ƙarfe ne ko gishiri ko gilashi, ilektiron ba ya zama inda ya ga dama. Akwai matakan kuzari, kowane mataki da adadin guraben da za a iya zama a kansa. Wani mataki gurabe fal, wani kaɗan, wani babu ko ɗaya. Inda babu ko ɗaya shi muke kira giɓi, kuma faɗin giɓin nan da tsabtarsa su ke nuna ko abu zai yi kyau a farantin sola. Wata bakwai na yi ina shafa wani sinadari mai suna ferofskayit a kan 'yan gilasai, kowanne bai fi akwatin ashana faɗi ba, kafin na sami guda takwas masu kyau, baƙaƙe masu sheƙi. Saura a haska musu haske launi-launi, a auna wanda suka sha, a zana yawan guraben. Na'urar sashenmu ta mutu tun ina aji uku, yanzu a kanta ake ajiye kofunan shayi. Dakta Bala, mai duba aikina, ya ce yana da amini a wata jami'a a Fatakwal mai lafiyayyar na'ura. Ya ba ni wasiƙa, ya kuma tuna mini cewa shekarun da aka yarje mini sun ƙare: in ban kawo sakamako kafin jarrabawar baki ta ƙarshen zango ba, an sallame ni ba takarda.

Sinadarin nan maƙiyinsa ɗaya ne, danshi. Da ya sha iska mai laima sai ya koma rawaya ya lalace. Don haka na jera gilasan a kwalba mai faɗin baki, na zuba 'yan duwatsu masu tsotse danshi a ƙasa, na naɗe murfin da salatif zagaye biyar. Na rungume ta muka hau mota.

Doguwar bas ce mai zuwa Anaca. A tikiti an rubuta lambar kujera, na yi murna, na ce yau na shiga motar masu tsari. Da kujeru suka cika sai kwandasta ya fara shigo da 'yan bencina yana jerawa a hanyar tsakiya. Wannan su ke kira atachi. Na ƙirga mutum goma sha ɗaya a wurin da masu ƙera motar suka bari don wucewa. Ban taɓa ganin darasinmu a fili irin na ranar ba. Giɓi mai tsabta ba shi da gurbi, amma idan abu ya sami aibu sai gurabe su tsiro a tsakiyar giɓin, ilektiron ya faɗa ya maƙale, ba gaba ba baya. Mutumin da ke kan bencin gefena, wani mai busasshen kifi, ya maƙale har Asaba, kansa a kan cinyata, kifinsa a kan ƙafata.

Gari ya waye muna dab da gadar kogin Kwara. Aka tsayar da mu a wani shinge, wani mai bindiga ya shigo yana duba fuskoki, ya tsaya a kan kwalbata.

"Aboki, wetin dey inside?"

Na yi masa bayani da Turancin aji, tun daga ilektiron. Ya saurara kamar minti ɗaya, ya tambaya ko asiri ne. Ya miƙo hannu zai ɓare salatif ɗin, na riƙe murfin gam na ce ba za a buɗe ba. Ku riƙe wannan a ranku, don zan dawo kansa: na ce wa mai bindiga ba za a buɗe ba. Wata dattijuwa 'yar kasuwa daga baya ta ce masa ya dube ni da kyau, mai asiri ba ya ramewa haka, ɗalibi ne. Motar ta kwashe da dariya. Ya ɗaga kwalbar saitin haske, ya hango fuskarsa a jikin baƙin gilashi, ya gyara hularsa, ya miƙo mini.

A Anaca na sauka wurin Malam Haladu, wani mahauci da ban taɓa gani ba. Mahaifina ya kira wani, wanin ya kira wani, na ƙarshen ya kira Malam Haladu, shi ke nan na zama ɗan gida. Mutanen garin ba sa tafiya, gudu suke, kuma gaisuwarsu kalma ɗaya ce a kan hanya. Malam Haladu kuwa, shekararsa ashirin a can, sai da ya tsayar da ni a tsakiyar titi ya tambayi lafiyar kowa har kakata da ta rasu, masu okada na zaginmu ta kowane gefe. Matarsa ta kawo akpu, tuwon rogo ne mai tsami, da miya mai yauƙi wadda ta fi kuɓewarmu taurin kai. Na kai loma, miyar ta biyo ni har ƙirji ba ta tsinke ba.

"Shekara nawa ke nan kana jami'a?" in ji Malam Haladu.

"Bakwai, Baba."

"Bakwai. To likita ne?"

"A'a, fiziks nake yi."

"Me ake yi a ciki?"

Na yi masa bayanin gurabe. Ya gama suɗe hannunsa tukuna.

"Wato kana ƙirga wurin zaman abin da ba a gani."

"Kusan haka ne."

"Kuma sun biya ka kuɗin zama?"

"A'a."

"Allah Ya ba mahaifinka haƙuri," ya ce, ya ƙara mini nama.

Washegari na kama hanyar Fatakwal. Tun daga Oweri ruwa ya fara, ba irin namu mai zuwa da hadari da iska ya yi gargaɗi ba. Nasu zubowa kawai yake kamar an manta famfo a buɗe. Ko da ya tsaya, rigarka ba ta bushewa. Duk bayan minti kaɗan sai in leƙa kwalbata, in ga baƙaƙen nan takwas suna sheƙi, hankalina ya kwanta.

Mai masaukina a Rumuokoro, wata unguwa a Fatakwal, shi ne Alhaji Isiyaku, dillalin albasa mutumin Aliero, wanda Malam Haladu ya miƙa ni gare shi ta waya. Dogo ne, mai farin gemu, ba ya ɗaga murya amma duk rumfar da shi take motsi. Bayan gaisuwa ya miƙo hannu ya karɓi jakata, sannan ya sake miƙo hannu saitin kwalbar.

"A gidan nan baƙo ba ya riƙe kayansa," ya ce. "In wani abu ya ɓace a hannunka, ni za a zaga a garinmu."

"Alhaji, abin ba ya son danshi."

Ya yi murmushi irin na wanda aka kawo wa aikin da ya fi iyawa. "Ɗana, shekara talatin ina yaƙi da danshi a garin nan. Ka kawo shi inda ya dace."

Abin da ya kamata in ƙara kalma uku ce: kada a buɗe. Sun zo har bakina. Sai na ga kamar zan ce wa dattijo mai furfura, a gaban yaransa na kasuwa, ina zargin zai yi mini bincike a kaya. Ni da na hana mai bindiga buɗewa, na haɗiye su, na ce, "Na gode, Alhaji." Ya sa kwalbar a ɗakin ajiya ya kulle.

Da asuba na shirya zuwa jami'ar. Na so in tafi da kwalbar, Alhaji ya ce ana ruwa, kuma yau kai wasiƙa kawai zan yi a sa mini rana, ba a yawo da kaya mai daraja a keke. Maganarsa gaskiya ce, na tafi hannu sake.

Aminin Dakta Bala ya bar jami'ar shekara biyu da suka wuce, yana ƙasar waje. Wannan ne amincin. Na'urar tana nan, an lulluɓe ta da leda, ƙwan fitilarta ya ƙone, an rubuta takardar neman sabo tun kafin aminin ya tafi. Mai kula da ita ya nuna mini takardar da alfahari, har da tambari uku. Aka yi ta tura ni daga ofis zuwa ofis, kowa na karanta wasiƙar Dakta Bala daga farko har ƙarshe kafin ya ce ba nan ba ne. Dab da tashi wata sakatariya ta ji tausayina, ta ce in tafi Inugu in nemi Madam Rifkatu, tata na'urar na aiki domin ba ta barin farfesoshi su taɓa.

Na iso rumfa ana kiran magariba, a jiƙe. Alhaji na zaune a bakin ɗakin ajiya, gabansa faifai, a kan faifan gilasaina guda shida a jere. Biyu rawaya shar kamar an shafa musu kurkur. Biyu ruwan ƙasa. Biyu baƙaƙe amma sheƙin ya dushe.

"Allah Ya sa na duba," in ji shi. "Wa ya koya muku rufe kaya haka? Ko albasa ce ka ɗaure ta a leda a garin nan, kwana biyu ta zama ruwa. Kaya iska yake so."

Na tsuguna. Ban iya kallonsa ba, sai na yi abin da hannuna ya saba, na ciro littafina da biro.

"Yaushe aka fito da su, Alhaji?"

"Ba gaba ɗaya ba. Sabon kaya ba a zazzage shi duka, sai an gwada. Ana idar da asuba na fito da waɗannan biyun na shanya. Kafin azahar na ga sun fara kamawa, na ce ashe ruɓar ta riga ta shiga tun daga ciki, saboda rufin nan naku. To da aka idar da azahar na ceto biyu. Bayan la'asar na ƙara biyu. Ragowar biyun da yanzu zan fito da su in na yi salla."

"Kowane lokaci ana mayar da murfin?"

"Ana mayarwa. Ƙuda."

Na rubuta duka. Na yi wa kowane gilashi alama a gefe, na mayar da su kwalba, na naɗe. Sai da na gama na gaya masa, a hankali, ido a ƙasa, cewa iskar ce ke kashe su, kuma aikin wata bakwai ne, kuma ba ni da wata bakwai kuma.

Aka tada salla Alhaji bai motsa ba.

"Ka san haka jiya?"

"Na sani."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Kunya, Alhaji."

"Kunyar banza," ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Na ɓata maka kaya, wannan nawa ne, zan ɗauka. Amma kai ka tsaya kana kallo aka ɗauki wuƙa. Mai baki ba ya kawo mini kaya ya yi shiru." Ya miƙe ya ɗauki buta, ya waiwayo. "Lokutan da na ba ka daidai suke. Ladaninmu ba ya latti."

Bayan salla na kwafe lokutan da ke rubuce a allon masallacin, ban ma san amfanin da za su yi mini ba. Da safe Alhaji da kansa ya raka ni tasha, ya saka ni a gaban motar wani direba da ya sani, ya sa aka ɗora mini ƙaramin buhun albasa a baya. Kwalbar kuwa bai yarda ya ko taɓa ta ba.

Inugu ta fi min sauƙi, akwai tuddai, kuma riga na bushewa. Madam Rifkatu mutuniyar Kudancin Kaduna ce, tana zaune a unguwar Abakpa Nike, gajeriya mai tabarau a goshi, Hausarta ta fi tawa kaifi. Ta sama mini ɗaki wurin wani maƙwabcinta direban tirela, ta ba ni okpa da safe, wani abu kamar alala amma na gurjiya, wanda in ka ci biyu ka gama da abinci sai gobe. Da muka shiga ɗakin awo ta ɗaga kwalbar ta duba.

"Ɗan'uwa, wannan bakan gizo ka kawo mini?"

Na ba ta labari. Ta yi dariya har ta cire tabarau ta goge ido. Na roƙe ta ta auna lafiyayyun biyun kawai, ko da yake na san biyu ba za su ishi kundin digiri ba.

"Wutar da zan kunna ɗaya ce," ta ce. "Kawo su duka. Kuma ka ja da baya, ba a taɓa mini na'ura."

Lafiyayyun suka fito yadda littafi ya ce: layi a kwance a ƙasa duk faɗin giɓin, babu gurbi, sannan ya miƙe tsaye kamar bango. Na la'asar suka fito da ɗan wutsiya da ta kutsa cikin giɓin. Na azahar wutsiyar ta yi kauri ta yi tsawo. Na asuba kuwa bangon ma ya matsa daga wurinsa, abin ya zama wani sinadari dabam. Ta ɗora layukan takwas a shafi ɗaya, suka jeru biyu-biyu, kowane gilashi kusa da ɗan'uwansa. Ina kallon yadda danshi ke shigo da bencina cikin giɓi, mataki bayan mataki.

"Ka san ɗalibai nawa ke zuwa nan da samfur takwas iri ɗaya, su tafi da layi ɗaya sau takwas?" in ji ta. "Mai albasan nan ya fi malaminka iya tsara gwaji. Biyu-biyu, da lokaci, har da waɗanda ba a taɓa ba. Abu ɗaya ya rasa, bai auna laimar ba. Ka rubuta yadda aka yi, kar ka yi masa kwalliya."

Da na dawo na kai wa Dakta Bala zanen. Bai tambayi amininsa ba. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Yawwa. Dama abin da nake so ka gano ke nan." Na ba shi babin da na rubuta, da rumfa da faifai da komai. Ya dawo mini da shi ana gobe jarrabawa, ya soke sakin layin da jan biro, ya rubuta a gefe cewa an saka samfuran a akwatin sarrafa danshi na ɗakin gwaji. Ya ce ba za a kai sunan sashe gaban baƙo da albasa ba. Na ce, "To, Dakta." Na gyara yadda ya ce, na buga.

Mai jarrabawar da aka gayyato wata tsohuwar farfesa ce mai magana a hankali. Ta bi zanen da yatsa, ta yaba, sannan ta buɗe shafin da aka gyara.

"Akwatin nan, laima nawa cikin ɗari kuka sa masa?"

Dakta Bala ya yi gyaran murya zai amsa. Kowace lamba ya faɗa za ta wuce, ba mai dubawa. Ni kuwa muryar Alhaji nake ji, da buta a hannunsa.

"Babu akwati, ranki ya daɗe," na ce. "A rumfar albasa aka shanya su, a Rumuokoro, a kan faifai. Mai masaukina ne ya buɗe, don ban gaya masa kada ya buɗe ba. Ba a auna laimar ba. Ana ruwa dai ranar."

Dakta Bala ya sami wani abin sha'awa a jikin fankar silin.

"Lokutan fa, daga ina?"

Na miƙa mata littafina, shafin da na kwafe allon masallaci. Ta karanta, ta juya shafi, ta sake juyowa. Aka ce in fita in jira. Minti arba'in na yi a baranda ina tsara yadda zan gaya wa mahaifina.

Na ci, da sharaɗin gyara uku: in mayar da sakin layin da aka soke, in rubuta ƙarara cewa ba a auna laima ba, in kuma sa sunan mai faifan a shafin godiya. Dakta Bala bai amsa gaisuwata ba tun ranar, kuma wasiƙar shaidar da ya yi alkawarin rubuta mini don digiri na uku na san ta bi amininsa ƙasar waje.

Na kira Alhaji Isiyaku na gaya masa sunansa ya shiga littafi. Ya ce madalla, ya tambayi lafiyar kowa, sannan ya ce, "Albasar da na ba ka fa? Ka baza ta ta sha iska?"

Ku da kuka yi ta tambayar warin da ke fitowa daga ɗakina makon jiya, ga amsarku. Ranar da na dawo, saboda tsoron danshi, na zura buhun a babbar leda na ɗaure bakin, har da salatif. Na ji ƙaryar ta zo har bakina, mai sauƙi, kalma biyu.

"Na rufe ta a leda, Alhaji. Ta ruɓe."

"Shekara bakwai a jami'a," in ji shi. "To, aƙalla yanzu kana magana."